Yadda ake koya wa yara nahiyar Afirka a tsakar gida

Shekarar da na fara koyar da yarana a gida, na sa babbansu ya haddace ƙasashen Afirka 54 da manyan biranensu. Cikin mako uku ya iya su tsaf, yana rattabo su kamar karatun allo, ni kuwa sai washe baki nake. Ran nan na shimfiɗa taswira na ce ya nuna mini Gana, sai ya ɗora yatsa a kan Madagaska. Daga ranar na ajiye hadda gefe, na ɗauki toka da igiya muka fita tsakar gida. Sau huɗu ke nan ina maimaita wannan darasi, da yarana da na maƙwabta, kuma tsarin da zan ba ki shi ne wanda ya zauna bayan gyare-gyare. Yana cin mako goma zuwa sha biyu, kwana uku a mako, minti 40 a kowane zama. Ya dace da ɗan shekara 6 har zuwa 12, sai dai kowa da nauyin da za ki ɗora masa.

Kayan aiki

Taswirar Afirka guda biyu: mai nuna ƙasashe da iyakokinsu, da mai nuna koguna da duwatsu da hamada. Kafin ki biya kuɗi, duba ko akwai Sudan ta Kudu a jiki. In babu, an buga ta ne kafin 2011, ki mayar wa mai shago kayarsa. In kin ga Swaziland maimakon Eswatini, ta kafin 2018 ce, wannan kam biro ma ya isa gyara ta. In taswira ta gagara, tsohon atilas na 'yan sakandare ya wadatar, ko ki sauke hoto a waya ki kwafa a bayan kalanda.

Sai toka ko alli na zane, igiya mai tsawon taku goma, zare kala biyu, yashi, yumɓu ko laka, tsakuwa, murafen kwalba kamar 60, buta, bula ta wanki, lemo ɗaya, kwali da almakashi. Gam ba dole ba ne, ki dama sitaci ko garin rogo da ruwan zafi. Kowane yaro ya samu littafi mai ganye 40 nasa na kansa, wanda mu a gidanmu muke kira littafin matafiyi. Sai fili mai taku takwas kowane ɓangare. In gidan haya kike babu tsakar gida, tsohon zanin gado ko buhu biyu da aka farke aka ɗinke zai tsaya a madadinsa, ki mai da taku ya zama taƙi.

1. Fara daga ƙofar ɗaki

Kada ki taɓa taswirar Afirka a makon farko. Yaron da bai taɓa zana ɗakinsa ba, taswira a wurinsa zane ne kawai mai launi. Ki sa shi ya zana gidanku kamar yadda shaho zai gan shi daga sama: ɗakuna, madafi, rijiya, zaure. Kashegari ya zana hanyar masallaci ko ta gidan kaka. A nan za ki koya masa kusurwowi huɗu, a tsaye, da jikinsa. Da hantsi ya fuskanci inda rana ta fito, gabas ke nan, bayansa yamma, hagunsa arewa, damansa kudu.

Ki kiyayi bakinki daga cewa «sama» da «ƙasa» in kina nufin arewa da kudu. Wannan ɗan kuskure ne da ke biyo yaro har girma, kuma za ki ga ɓarnarsa idan muka zo kan Kogin Nilu.

2. Nuna masa girman abin

Taswirar duniya da aka fi rataye wa a bango ta samo asali ne daga wadda Mercator ya zana a 1569 don matuƙa jirgin ruwa. Tana kumbura ƙasashen can arewa, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Dalilin ba ya buƙatar dogon bayani. Ki zana wani abu da biro a jikin lemo, ki ɓare, ki ce yaro ya shimfiɗa ɓawon a faranti ba tare da ya yage ko ya miƙe ba. Ba zai iya ba. Haka mai zana taswira yake fama da duniya.

Adadi biyu kawai nake bari su riƙe a nan: faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, ita ce ta biyu bayan Asiya, kuma daga ƙarshenta na arewa zuwa na kudu kimanin kilomita 8,000 ne.

3. Zana nahiyar a ƙasa

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin duka, don haka ki ba shi lokaci. Ma'auninmu: taku ɗaya kilomita 1,000, wato kusan tafiyar Kano zuwa Legas a mota. Yaron da ya taɓa kwana a hanya ya san abin da taku ɗaya ke nufi.

Share fili, ki daidaita shi yadda arewar taswira za ta kalli arewa ta gaskiya. Ki auna taku takwas daga arewa zuwa kudu, taku bakwai da rabi daga yamma zuwa gabas. Miƙa igiya a tsakiya daga yamma zuwa gabas, ita ce Ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, domin kusan a tsakiya ya raba Afirka. Daga nan ki ajiye duwatsu biyar:

Na Dakar, a gefen yamma, taku ɗaya da rabi arewa da igiya. Na ƙahon Somaliya, a gefen gabas, taku ɗaya arewa da igiya. Na Tunisiya, a can gefen arewa, taku uku daga yamma. Na ƙarshen Afirka ta Kudu, a gefen kudu, taku huɗu daga yamma. Na biyar shi ne lungun da gaɓar teku ta karya kwana a Kamaru, wajen Duwala: taku uku daga yamma, rabin taku arewa da igiya.

Sai ki haɗa duwatsun da toka kina kallon taswira. Ba sai ta yi kyau ba. Tamu ta farko ta fi kama da kan jaki, amma ta yi aiki. Kano na bisa layi ɗaya kusan da dutsen Tunisiya da na Duwala, taku ɗaya da ɗan ɗori arewa da igiya. Ki bar yaro ya kafa tsinke a garinku da hannunsa, ya tsaya a kai, ya faɗi abin da ke kewaye da nahiyar: Bahar Rum a arewa, Bahar Maliya a arewa maso gabas, Tekun Indiya a gabas, Tekun Atlantika a yamma. Kada ki manta da Madagaska, faifai ko murfin tukunya ya isa.

Gargaɗi daga wadda ta sha wuya: ki ɗauki hoton aikin duk ranar da kuka tashi. Mun taɓa kwana uku muna gini, kaji suka tone mana Afirka ta Yamma a hantsi ɗaya. In da dabbobi a gidan, ki rufe da tsohuwar tabarma. Da damina kuwa, ki koma kan zanin gado.

4. Duwatsu tukuna, sannan koguna

Mutane kan fara da koguna. Ni na ga ya fi sauƙi a fara tara tudu, don ruwa daga tudu yake gangarowa. Ki curo laka ku yi tsaunukan Atlas a Maroko da Aljeriya, tudun Habasha mai faɗi, tudun Gini, duwatsun Ayar a arewacin Nijar, da Drakensberg a kudu. Kilimanjaro a Tanzaniya shi ne mafi tsawo, mita 5,895, ki yayyafa masa ɗan gari a ka, domin da ƙanƙara a kansa duk da yana kusa da Ikwaita.

Sai ki jiƙa bula a buta, ku tona 'yan kwatoci da tsinke, yaro ya zuba. Koguna huɗu sun isa.

Nilu, kimanin kilomita 6,650. Reshe ɗaya ya taso daga yankin Tafkin Victoria, ɗaya daga Tafkin Tana na Habasha, suka haɗu a Khartum, suka ratsa Masar zuwa Bahar Rum. Arewa yake tafiya. 'Yata ta tsakiya ta yi mini gardama ƙiri-ƙiri cewa ruwa ba ya hawa sama, saboda a taswirar bango ta saba ganinsa. Da ta zuba butar da kanta daga tudun Habasha ta ga shuɗin ruwan ya nufi Masar, gardama ta ƙare.

Kwara, wanda ake kira Neja, kimanin kilomita 4,180, shi ne mai abin mamaki. Ya taso daga tudun Gini, teku na bayansa ba nisa, amma ya ba ta baya ya nufi hamada. Sai da ya kai kusa da Tumbutu ya karyo, ya bi ta Gawo da Yamai, ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya rarrabu yatsu-yatsu ya faɗa Atlantika. Kogin Kwango ya tsallake igiyar Ikwaita sau biyu, yara na jin daɗin tabbatar da wannan da idonsu. Zambezi kuma gabas ya yi zuwa Tekun Indiya, a kansa ne babbar magangarar ruwan nan ta Victoria take, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe.

Ki binne murfin kwalba da ruwa a matsayin Tafkin Chadi, inda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa iyaka. Yawancin ruwansa daga Kogin Shari yake, amma kogunan Haɗeja da Jama'are ma can suka nufa ta Komadugu Yobe. Ga manyan yara, ki ambaci yadda tafkin ya janye ƙwarai tun bayan shekarun 1960, ki tambaye su me masunci da manomi da makiyayi za su yi.

5. Shimfiɗa yanayi

Daga arewa zuwa igiya: siririn bakin Bahar Rum mai zaitun, sai Sahara, sai Sahel, sai dajin ciyawa, sai kurmi. A zuba yashi a Sahara da yawa, don ta haura murabba'in kilomita miliyan 9. Tsakuwa da ƙaya a Sahel, busasshiyar ciyawa a daji, ɗanyen ganye a kurmin Kwango da gaɓar Gini. Abin da nake so su gano da kansu shi ne tsarin ya sake maimaituwa a kudu da igiya, a juye: kurmi, ciyawa, hamadar Kalahari da Namib, sai bakin kudu mai inabi.

Bayanin damina gajere ne. Iska mai ɗauke da ruwa daga Atlantika take tasowa ta yi arewa, shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Kano na fama da bazara, Agadas kuwa sai can baya, ɗan kaɗan. Hunturu iskar Sahara ce ta juyo. Ki sa yaro ɗaya ya zama iskar teku da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya ya zama hunturu da faifai. Sannan ki gaya musu a watan Yuli, muna tsakiyar damina, mutanen Afirka ta Kudu na cikin sanyi, har dusar ƙanƙara na sauka a duwatsun Lesotho.

Dabbobi a nan suke shiga, kuma zama ɗaya ya ishe su: raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, giwayen Yankari, gwaggon biri a Ruwanda da Yuganda. Yara za su so ku daɗe. Kada ki biye musu, in ba haka ba nahiyar duka za ta koma musu gidan zu.

6. Bi sawun ayari

Ni a ganina nan ne darasin ke da rai, domin hanyoyin sun ratsa ta gidajenmu. Ki je kasuwa da yaran ku sayo goro, dabino, kanwa da ɗan gishirin Balma in an samu. Ki sa su tambayi masu kayan daga ina suke sarowa. Amsar mai kaya ta fi tawa zama a kansu.

Da zare za ku ja hanyoyi uku daga tsinken garinku. Ta goro: fatake da jakuna, madugu a gaba, zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Wuraren da suke yada zango ne suka bar sunan Zango a unguwannin Kumasi da Akra. Ta gishiri da fata: arewa zuwa Agadas da Balma, wasu har Turabulus a bakin Bahar Rum. Ta hajji: gabas ta Barno da Chadi da Sudan zuwa Bahar Maliya, a ƙafa, shekara da shekaru. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna a Sudan, kamar mutanen garin Mai Wurno a bakin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. In akwai tsoho a dangi da ya ji labarin irin wannan tafiya daga bakin iyayensa, ki kai masa yaran da ɗan goronsu.

A kan waɗannan zare ne tarihi ke rataya ba tare da wahala ba: Mansa Musa na Mali da ya bi ta Alƙahira zuwa hajji a 1324, hijirar sahabbai ta farko zuwa Habasha wurin Najjashi, jami'ar Ƙairawiyyin ta birnin Fas a Maroko da Fatima al-Fihri ta kafa a 859.

7. Al'adu, yanki-yanki

Raba nahiyar biyar: arewa, yamma, tsakiya, gabas, kudu. Kowane yanki mako guda, kuma daga kowanne ki ɗauki ƙasa biyu kacal. A kowace ƙasa abu huɗu muke nema: gaisuwa, abinci, tufa, gini.

Abinci ya fi komai tasiri. Ugali na Kenya da Tanzaniya ɗan'uwan tuwon masara ne, sai dai ya fi tauri, ki haɗa shi da soyayyen alayyafo. Waakye na Gana shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi ya yi ja, sunan ma daga «wake» ya fito. Injera ta Habasha da wata ƙwaya mai suna tef ake yi, ba za ki same ta a nan ba, ki yi sinasir ki ce ga kamanninta: ƙullu mai tsami, gefe ɗaya ake gasawa, a zuba miya a kai a ci tare a faranti ɗaya. Kuskus na Maroko akwai shi a kanti, in babu, burabusko ya nuna hanya.

A ɓangaren harshe, Afirka na da harsuna wajen 2,000, amma wasa ɗaya ya fi wannan adadi amfani. Ki rubuta kalmomin Suwahili: habari, sabuni, dunia, ishirini, arobaini. Ki ce su canka. Za su gano labari, sabulu, duniya, ashirin, arba'in, sai ki tambaye su yadda aka yi mutumin Zanzibar da na Katsina suka yi tarayya a kalma. Larabci ne ya iske ɗaya ta teku, ɗaya ta hamada. Wani maƙwabcinmu Buzu ya taɓa rubuta wa autana sunansa a ƙasa da haruffan Tifinag, ɗigo-ɗigo da da'ira da 'yan sanduna. Yaron ya kwafe a littafinsa, har yau shafin da yake fara nuna wa baƙi ke nan. Ki duba unguwarku, da wuya ki rasa ɗan Gana ko Chadi ko Mali da zai ba ku minti goma.

Gini kuwa da laka za ku yi. Babban masallacin Jenne a Mali na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma kowace shekara mutanen gari kan fito su yi masa yaɓe. Ku gina ƙarami ku soka masa tsinkaye, ku gwada da hasumiyar Agadas. Sai ganuwar dutse ta tsohuwar Zimbabuwe da aka jera ba da kwaɓi ba, da coci-cocin Lalibela na Habasha da aka sassaƙa daga dutse, da dalar Giza. Ki faɗa musu Sudan ta fi Masar yawan dala. Yaran Kano za su ce Dala ai dutse ne, ki shirya amsa.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na ɗaya, nuna ƙauye da rawa kawai. Duk ƙasar da kuka je, ki nuna hoton birninta ma: Nairobi, Kigali, Kazablanka, Luwanda. Na biyu, barin yaro ya ce abincin wasu ƙazanta ne ko addininsu abin dariya. Ki tsawata nan take, ki tuna masa wani ma haka zai kalli daddawarmu in bai saba ba. Habasha da Masar na da Kiristoci tun ƙarnonin farko, ya kamata ya san haka tun yana ƙarami.

8. Iyakoki da manyan birane

Sai yanzu ƙasashe ke shigowa. Ki ja iyakoki da zare na biyu a kan duk abin da kuka gina, yaro ya ga yadda suka yanka koguna da hanyoyin ayari. Ki tambaye shi me ya sa iyakokin Sahara suka miƙe kamar an sa rula. Daga nan ki kawo taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su raba nahiyar. Misalin na ƙofar gida ne: Katsina da Maraɗi ba su kai kilomita 100 tsakani ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma nan naira da Ingilishi, can sefa da Faransanci. Gana ta sami 'yanci a 1957, ƙasashe 17 a 1960, ciki har da Nijar ranar 3 ga Agusta da Najeriya ranar 1 ga Oktoba.

Rubuta sunan ƙasa a cikin murfin kwalba, yaro ya ajiye a wurinta, biyar a rana. Ƙananan yara su tsaya kan maƙwabta da manyan ƙasashe irin su Aljeriya, wadda ta fi kowace faɗi, da Masar da Kwango. Manya ki ba su masu rikitarwa: Gini uku, Kwango biyu da biranensu Kinshasa da Brazabil ke kallon juna a tsallaken kogi, Lesotho a cikin cikin Afirka ta Kudu, Gambiya da Senegal ta rungume. Sai ƙasashen da birninsu mafi suna ba shi ne fadar ƙasa ba: Rabat ce ta Maroko, Dodoma ta Tanzaniya, Yamusukuro ta Kodebuwa.

9. Gwaji

Ba na yin jarrabawar takarda. Nakan share filin tas, in miƙa musu toka da igiya da duwatsu biyar, in koma bakin murhu. In sun tayar da nahiyar, suka sa koguna huɗu da Sahara a inda suke, sun ci rabi. Sauran rabin wasiƙa ce a littafin matafiyi: ya tashi daga garinmu zuwa Kef Tawun na Afirka ta Kudu ta hanyar ƙasa, ya faɗi ƙasashen da ya ratsa, abin da ya ci, da tufar da ya buƙata a wane wata. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki yana takawa a kan taswirar.

Bayan nan taswirar bango ta koma kusa da rediyo. Duk ƙasar Afirka da aka ambata a labaran safe, wanda ya riga nuna ta an ɗauke masa wanke-wanken ranar. Lokacin gasar cin kofin Afirka kuwa, ki ba su kwali su zana tutar duk ƙasar da za ta buga, su liƙa ta a wurinta kafin a take wasa.